Mai Tuta a Cikin Majigi

Filin da ake kafa mana majigi yanzu babu shi. Shaguna ne a jere a wurin, na cajin waya, na siminti, da wani na masu tura wa mutane finafinai a waya. Kwanan baya na tsaya a bakin shagon ina jiran mai babur da zai kai ni Roni, sai na ji wasu samari biyu suna gardama a kan wani fim. Ɗaya ya ce tauraro uku ya ba shi, ɗayan ya ce biyu ma sun yi masa yawa. Kowa da wayarsa a tafin hannu, kowa da abin ji a kunne. Abu ɗaya suka kalla, amma ba tare suka kalla ba. Na so in sa musu baki, sai na ga in na fara ba zan gama ba kafin mai babur ya zo, kuma abin da zan faɗa ba na tsaye ba ne.

A zamaninmu, tun ba a yanke mana Jigawa ba, kallo ba abin kullum ba ne. Sau biyu ko uku a shekara, bayan an gama girbi an ɗaure dammunan gero, motar majigi takan taso daga Kazaure ta bi ƙauyuka. Kunne ne yake fara sanin zuwanta. Da la'asar sakaliya za ka ji lasifika can daga bayan duwatsu, muryar tana zuwa tana yankewa yadda iska ta ga dama, sai gari ya rikice. Dakan mata yakan canza sauti, taɓarya biyu ta koma uku a turmi ɗaya don a gama da wuri. Mu kuwa samari, harawar da muke jan ƙafa a kanta tun hantsi, kafin ka ankara an kwashe ta an ɗora a kan rumfa. Babanmu ba ya zuwa kallo, bai kuma hana mu ba. Abin da yake cewa kawai shi ne, duk wanda bai ɗaure awaki ya ba jaki ruwa ba, kada a ga ƙafarsa a filin. Kakarmu kuwa har ta bar duniya ba ta yarda mutane ne a jikin ƙyallen majigi ba, takan ce duk abin da ke tafiya ba ya barin sawu, ita ba ruwanta da shi.

Da an idar da sallar isha'i sai a ɗaure farin ƙyalle tsakanin motar da wani gawo, a tayar da injin wuta, ƙwari su taru a cikin hasken kamar ana yayyafi. Maza a tsakiya a kan tabarmi, mata a gefe wajen danga. Kashi uku ake nunawa, kuma jerin ba ya canzawa. Da farko na gwamnati, wanda muke kira na gaskiya: yadda ake zuba taki, yadda ake yi wa shanu rigakafi, yadda ake shimfiɗa kwalta a wani gari da ba mu taɓa zuwa ba. Sai wasan kwaikwayo, na maigida mai taurin kai da ya ƙi kai iyalinsa asibiti, ko na ɗan kasuwa mai tauye mudu. A ƙarshe, don kada mutane su watse da wuri, sai a saka na faɗa, na masu dawakai da bindiga, ko na waɗansu 'yan dambe da ke haye katanga ba tsani. Akwai mai bayani da ke riƙe da lasifika yana fassara mana, ko da yake daga baya na gane rabin maganar daga kansa yake ƙago ta.

Amma ni a wurina daɗin majigi da safe yake. Kashegari da hantsi mukan taru a rumfar Tela, mu biyar ko shida, mu yanke wa kowane fim hukunci. Tela mutum ne mai sanyin magana, ya girme mu da kusan shekara goma, kuma rumfarsa ce kaɗai inda ake barin samari su ɗaga murya. Ma'auninmu na abinci ne. Fim ɗin da ya cika, tuwo da man shanu ne. Wanda ya kashe yunwa kawai, gaya ne. Wanda ya ɓata mana lokaci kuwa ƙanzo ne, kuma in aka ce masa ƙanzo ba a sake maganarsa. Kowa da ɓangarensa. Tela na wasan kwaikwayo ne, yakan ce shi kaɗai ne mutum zai kalla ya gyara halinsa. Abokaina na faɗa suke so, har sukan tashi su kwaikwayi naushin a tsakar rumfa. Ni ne mai ɓata musu. Ni na gano mutumin da aka harbe a farkon wani fim ya sake ɓullowa a ƙarshe da wata hula daban. Ni na lura da bindigar da ta yi ta tashi tun daga farko har ƙarshe ba a sake ɗura ta ba. Shi ya sa suke ce mini mai ido, kuma in gardama ta yi zafi Tela yakan dakatar da keken ɗinkinsa ya ce a bari a ji ta bakin Auta, wato ni. Na gaskiya nake ba man shanu kusan kullum, don nakan ce shi kaɗai ne ba a shirya wa kowa abin da zai yi ba. Ina ji da wannan magana a lokacin.

Sai na faɗi wani abu game da gidanmu kafin in ci gaba. Mu biyu ne maza a wurin Inna, ni da Yaya. Yaya ya shiga soja lokacin yaƙin basasa, ya bar matarsa da 'yar jinjira a hannu. Tun da aka kawo ta Amarya muke ce mata, har ta haihu sunan bai sake ta ba. Wasiƙa biyu muka samu daga wurinsa, sai shiru. Da aka gama yaƙi wani soja ɗan wajen Gwiwa ya dawo, ya zo har zaurenmu ya durƙusa gaban Baba, ya ce da idonsa ya ga Yaya ya faɗi a bakin wani kogi, bai kuma ga ya tashi ba. Aka yi sadakar uku, aka yi ta bakwai, aka yi ta arba'in. Amarya ta yi takaba ta fita, ta ci gaba da zama a gidanmu tana yi wa Inna daka da ɗibar ruwa, don a lokacin idon Inna ya fara rufewa. Daga baya Tela ya nemi aurenta. Shi ne aminin Yaya tun suna yara, kuma Baba da kansa ya sa albarka. Tela ya riƙe yarinyar kamar tasa, Allah kuma ya ba su ɗa namiji. Kowa ya haƙura sai Inna. Ba ta taɓa yi wa kowa musu ba, amma duk lokacin da babbar mota ta tsaya a bakin hanya sai ta ajiye abin da ke hannunta, ta karkata kai, har sai motar ta tashi.

Zuwan majigin da nake nufi, ɗan Tela yana rarrafe. Na gaskiyar ranar a kan wata babbar madatsar ruwa ne da ake ginawa kudu da Kano. Katafila tana ture ƙasa, tifofi suna shiga suna fita, mai bayani yana ta yabon noman rani da za a yi. Mutane suna 'yar hira suna jiran na faɗa. Sai aka nuno wani mutum a bakin hanyar tifofin, riƙe da tuta yana ba su hannu. Ya juyo ya dubi mai ɗaukar hoton, ya ciji leɓensa na ƙasa, sai ya yi sauri ya juya. Duka abin bai wuce numfashi uku ba. Ni dai na ji kamar an kwara mini ruwan randa a ƙeya. A ɓangaren mata wani kwano ya faɗi, na ji shi yana gangarawa har ya tsaya. Aka yi wasan kwaikwayo, aka yi na faɗa, ban san abin da aka yi a cikinsu ba.

Da hantsi na je rumfa, don na ga ƙin zuwan sai ya fi zuwan tona magana. Tela yana kan keke yana ɗinka wata 'yar shara, ƙafarsa ba ta hutawa. Abokaina suka ba na faɗa man shanu, suka ba wasan kwaikwayo gaya, amma gardamar ba ta da armashi, kowa yana magana yana satar kallon Tela. Da aka zo kan na farko sai aka yi tsit. Keken ya tsaya.

"Auta," in ji Tela, bai ɗago kai ba. "Na madatsar ruwan fa? Me ka ba shi?"

Na ce, "Ban kalle shi sosai ba."

"Kai ne ba ka kalla sosai ba?"

Wani abokina ya so ya raba mu da maganar, sai ya ce, "Haba, mutane ai suna kama da juna. Kuma wancan hannu ɗaya gare shi, ba ku ga hannun rigarsa a naɗe ba? Yaya kuwa da hannuwansa biyu ya tafi yaƙin."

Yana rufe baki ya gane abin da ya faɗa. Tela ya ja zaren ya datse shi da haƙori, ya ninke rigar ba tare da ya gama ta ba.

Kafin azahar magana ta zagaye gari. Baba ya aika aka kira ni. Na same shi a zaure yana tufkar igiya, na durƙusa daga gefe.

Ya ce, "An ce kai ne mai ido a garin nan."

"Wasa ne na samari, Baba."

"Yau ba wasa ba ne. Shi ne ko ba shi ba ne?"

"Ya yi kama da shi."

Ya ajiye igiyar. "Da 'ya yi kama' ba zan je wurin Liman ba, ba kuma zan shiga wurin uwarka da ita ba. Ba ta ji ba tukuna, amma kafin magariba wata za ta kawo mata. Ka bi motar nan duk inda ta yi ka sake gani. Kada ka dawo mini da wataƙila."

Ina fitowa na tarar da Tela a ƙofar gida riƙe da keken hawansa, ya canza riga. Ya ce, "Hau. Tare za mu je."

Yau mai babur zai kai ka Kazaure daga garinmu kafin ka gama cin goro ɗaya. A lokacin hanyar yashi ce, ka tuƙa kaɗan ka sauka ka tura, ƙaya ta huda taya ka zauna faci. Rana tana tsaka muka kama hanya. Ina zaune a bayansa ina kallon gumi yana jiƙa masa riga, ina jin kukan sarƙa da numfashinsa. Na yi ta addu'a a raina, amma in ka tambaye ni me nake roƙo ba zan iya faɗa ba. Wani lokaci in roƙi Allah ya sa Yaya ne, in na dubi bayan mutumin da ke ɗauke da ni sai in ji kunyar addu'ar. Sau ɗaya kawai ya yi magana, muna tura keken a cikin wani yashi mai zurfi. Ya ce, "Tun jiya Amarya ba ta ci abinci ba. Ba ta kuma yi kuka ba. Da ma kukan ta yi."

Muka samu motar a harabar wata makaranta a gindin dutse, an riga an ɗaure kaya, direba yana zuba wa inji ruwa. Mai majigin wani gajeren mutum ne ɗan birni, da taba a baki. Na gaishe shi na yi masa bayani, ya girgiza kai tun kafin in kai ƙarshe.

"Kayan gwamnati ne, samari, ba na kallon mutum biyu ba ne. Babura ake jiranmu, ga hanya ba kyau. Ku biyo mu can ku kalla da kowa."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba za mu kai Babura a keke yau ba."

"To, ya zan yi muku?"

Sai Tela ya jingine keken, ya zo ya durƙusa a gabansa a cikin rana, alhali ya girme shi. Ya ce, "Malam, matata ce tun jiya ba ta san matar wa ba ce. Ni ma ban sani ba. Ka taimake mu don Allah."

Mutumin ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya yar da tabar ya murje ta da takalmi, ya ce wa direba a kwance igiya.

A cikin wani aji aka kafa injin. Muka toshe tagogi da tabarmi da rigunanmu, ɗakin ya ɗauki zafi kamar tanda. Maimakon ƙyalle, bango aka haska. Katafila ta wuce, tifofi suka wuce, sai ga shi. Mai majigi ya mayar da faifan baya ya sake, ya kuma sakewa. A na biyu na ga tabon da ya raba masa girar hagu, inda jakinmu ya taɓa harbinsa. Na ga cizon leɓen nan da yake yi in an kama shi yana abin da ba ya so a gani. Hannun rigarsa na dama a naɗe yake har kafaɗa. A na uku kuwa na lura da abin da ban lura da shi jiya ba: ba fuskarsa yake ɓoyewa ba da ya juya, ɓarin da babu hannun yake kawarwa. Amma duk da haka hoton yana rawa, ƙurar tifa tana giftawa, kuma fuskar ba ta fi tafin hannu ba a jikin bangon. Mai majigi ya ce in ya ƙara fim ɗin zai ƙone, ya kashe fitila. Da na ce ba shi ba ne, babu wanda zai iya ƙaryata ni a duk faɗin ƙasar Kazaure. Na tuna jaririn nan yana rarrafe tsakanin ƙyallaye a rumfa. Na tuna yadda Amarya ta koma yin dariya bayan shekarun da ba ta yi.

"Auta," in ji Tela daga cikin duhun ɗakin. "Faɗi."

Na ce, "Shi ne."

Injin wuta yana ta ruri a waje. Can sai Tela ya ce, "Tun jiya na sani. So nake in ji ko za ka tausaya mini ka yi ƙarya. Da ka yi, da na karɓa. Allah ya sani da na karɓa."

Mai majigi ya gaya mana ranin da ya wuce aka ɗauki hoton, ya kuma kwatanta mini inda aikin yake. Bai karɓi ko godiyarmu ba, ya ce mu je kawai.

Liman bai ja magana ba. Ya ce tun da labari ne aka kawo na mutuwar, labarin kuma ya tashi, to sai Amarya ta koma gidan iyayenta har a ji daga bakin Yaya. Na ga wucewarta ta bayan gidanmu, goyo a baya, ƙunshin kaya a ka, yarinyar tana riƙe da bakin zaninta tana tambayar ina za su. Tela ya sauke asabari a rumfarsa. Garin da ya saba tashi da ƙarar kekensa ya wayi gari shiru, kuma a cikin shirun nan kowa ni yake kallo. Wasu suka ce na yi daidai. Wasu, har da tsofaffi, suka ce idon da ya wuce ƙima shi ne ya rushe gidan bawan Allah. Inna kuwa da Baba ya gaya mata, cewa ta yi kawai a ba ta ruwa ta yi alwala.

Ranar da zan tafi neman Yaya, ina wucewa ta jikin dangar gidansu Amarya sai na ji an kira ni a hankali. Ba na ganinta, muryarta kawai nake ji ta tsakanin kara.

"Auta, in ka same shi ka gaya masa na jira. Ka gaya masa ban fita daga gidanku ba sai da damina biyu ta wuce."

"Zan gaya masa. In ya tambaye ni me kike so fa?"

"Wannan kada ka tambaye ni. Ranar da aka ce ya mutu ba a tambaye ni ba, shekaranjiya ma ba a tambaye ni ba."

Kwana biyu na yi a hanya, mota zuwa Kano, wata motar daga can. Ban taɓa ganin wuri irin wannan ba, jar ƙasa an tara ta kamar dutse, ƙara ko'ina har ba ka jin maganar na kusa da kai. Ban sha wahalar nemansa ba, ina cewa mai tuta mai hannu ɗaya aka nuna mini mararrabar. Yana tsaye daidai inda majigi ya nuna shi, ya rame, ya yi baƙi. Da ya hango ni tutar ta sauka a hankali, har wani direban tifa ya danna masa oda. Ya ɗaga ta ya ci gaba da aikinsa kamar bai gan ni ba, ni kuma na tsaya a rana ina jira har aka tashi hutun azahar. Sannan ya wuce gaba na bi shi zuwa inuwar wata rumfar kwano.

Abin da ya fara cewa shi ne, "Wa ya rasu?"

"Babu wanda ya rasu, Yaya."

"To me ya kawo ka? Wa ya gaya maka?"

"A majigi muka gan ka. Duk gari."

Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. Ya ce tun ranar da masu hoton nan suka zo, gabansa yake faɗuwa. Sannan ya ba ni labari yana kallon ƙasa. Ya daɗe a kwance a wani asibiti a kudu, bai san inda kansa yake ba. Da aka sallame shi ya kamo hanya har ya iso tashar Kazaure. A nan ya sayi fura wurin wata mata 'yar wajenmu da ba ta gane shi ba, ya yi mata tambaya kamar baƙo, ta ba shi labarin gidanmu tas: an yi sadakarsa, matarsa ta auri Tela watan jiya. Motar da ta kawo shi ba ta tashi ba tukuna, sai ya koma cikinta.

Ya ce, "Na ga kowa ya samu wuri ya zauna. In na shigo wa zan tayar? Kuma in shigo da me? Ko fartanya ba zan riƙe ba."

"Ai an riga an tayar, Yaya. Tana gidan iyayenta. Tela ya rufe rumfa."

Ya miƙe tsaye. Ban taɓa ganin fushinsa irin na ranar ba. "Wa ya faɗa? Wa ya tabbatar musu?"

"Ni ne."

"Kai kaɗai ne mai ido a garin? Sai ka ce ba ka sani ba mana! Na bar ku lafiya, ka biyo ni ka tone ni!"

Na bari ya huce kaɗan, sannan na isar masa da saƙon Amarya yadda ta faɗa, ban ƙara ba ban rage ba. Ya koma ya zauna. Ya daɗe yana murza sandar tutar a ƙasa.

"Yarinyar," in ji shi, "Baba take ce wa Tela?"

"E."

"Yana dukanta?"

"Ko tsawa ban taɓa ji ya yi mata ba."

Ya tashi ya je wurin malamin aikin ya karɓo takarda da biro, ya kira abokan aikinsa biyu su zama shaida. Ya miƙo mini biron. Ya ce, "Hannun da na iya rubutu da shi yana can kudu. Kai da ka fara, sai ka ƙarasa." Haka na rubuta takardar sakin matar yayana da hannuna, yana faɗa ina rubutawa, layin yana karkacewa. Ya dangwala babban yatsansa na hagu a ƙasa. Ya ce in kai musu, in ce na same shi lafiya, kuma kada wanda ya ƙara zuwa.

Na ninke takardar na sa a aljihu. Na ce, "Inna fa?"

Ya kau da kai.

"Ba ta gani yanzu, Yaya. Ji kawai take yi. Duk motar da ta tsaya a bakin hanya sai ta ajiye abin da ke hannunta. Tun tafiyarka."

Ya shige ɗakin kwanon da suke kwana ya ja ƙofa. Na zauna har inuwa ta juya, aka busa komawa aiki bai fito ba. Na riga na fitar da rai, na tashi ina kakkaɓe wando, sai ƙofar ta buɗe. Ya fito da ɗan ƙunshi a hammata, babu tutar.

Abin da ya biyo baya duk tsofaffin garinmu sun sani. Amarya ta yi idda, aka sake ɗaura mata aure da Tela, kuma Yaya yana zaune a sahun gaba ranar. Ya kama kiwon tumaki, daga baya ya yi wani auren. Tela ne ya riƙa ɗinka masa riga, yana rufe hannun dama da wani irin ɗinki mai kyau da ba ya nuna komai. Suna gaisawa, suna zuwa sunan juna da jana'iza, amma ban ƙara ganin su biyu su kaɗai suna hira ba. Ni ma Tela bai taɓa yi mini baƙar magana ba, sai dai ya daina dakatar da kekensa don a ji ta bakina, ni kuma na rage zuwa rumfar har na daina. Har yau akwai ranar da nake ganin na kyauta, akwai ranar da nake ganin na yi wa mutum uku fami ne don in faranta wa ɗaya.

Amma ɗayar nan ita ce Inna. Da la'asar motar ta sauke mu a bakin hanya. Muka bi ta bayan gari don Yaya ba ya son a taru a kansa. Tana zaune a tsakar gida a kan tabarma, ƙwaryar gyaɗar da take ɓarewa tana gefe, hannunta babu komai, kanta a karkace. Na yi sallama. Yaya ya tsaya a bakin ƙofa, sallamar ta ƙi fita.

Ta ce, "Auta, tafiyar mutum biyu na ji."

Ya ƙaraso ya zube a gabanta. Ta miƙa hannu ta laluba fuskarsa, ta tsaya a kan girar, ta gangaro wuya, ta bi kafaɗar dama. Sai hannunta ya kama ƙyalle, babu komai a ciki. Ta riƙe shi ta daɗe. Ina jin numfashin Yaya daga inda nake tsaye.

"Da wanne kake cin abinci?"

"Da hagu, Inna."

"Shi ya sa ka ƙi dawowa?"

Ya sunkuyar da kai.

Ta juyo wajen da take jin ina tsaye. "Auta, ɗauko buta, ka sauko da tuwon nan da na ce a rufe." Sannan ta saki hannun rigar, ta buɗe tafinta a gabansa. "Miƙo hagun in wanke maka."